Kujerar da Maiwada Ya Ajiye wa Babban Baƙo

Wani sashe na wannan labari ya riga ya zube mani. Na manta shekarar, na manta ko motar baƙa ce ko ruwan toka, sunan ƙauyen ma yakan zo bakina ya koma. Abin da na riƙe shi ne ƙauyen yana kusa da Dogo-Dogo, kuma akwai wata tsamiya a bakinsa da na sha yin ƙailula a gindinta zamanin da ƙafafuna ke kai ni inda nake so. Amma zafin ranar ban manta shi ba, don tsakiyar bazara ce, kuma ina cikin motar.

Maiwada ɗan kasuwa ne a Magarya, yana sayen wake da gyaɗa yana tsallakawa da su Najeriya. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Cutarsa ɗaya: duk abin da ya shiga hannunsa ya fi na kowa. In ya sayi buta, sai ka ji ita kaɗai ce irinta a ƙasar Damagaram. To, wata shekara wake ya yi masa kyau, sai ya aika Kwatano aka sayo masa wata ƙatuwar mota kat-kat, irin mai ratsa rairayi, tsohon hannu, wadda wani Bature ya gaji da ita a can ƙasarsu ta ƙanƙara. Kujerunta na baƙar fata ne masu sheƙi, gabanta kuwa cike da madannai kamar ƙurajen baƙon dauro.

Ranar da ta iso, aka tarar ba ta shiga gidan. Maiwada bai tsaya shawara ba, ya kira magina suka fasa katanga. Da aka fasa, sai aka ga madafar matarsa Shatu ta tare hanya, ita ma aka rushe ta. Lemon da ta dasa da hannunta ya ce yana zubo wa mota ganye, aka sare.

Shatu ta tsaya da muciya a hannu tana kallo. Ta ce, "To ni a ina zan yi girki?"

Ya ce, "A fili mana. Tuwo ai bai san rana ba. Wannan kuwa fatarta ta Turai ce."

Ta haƙura da wannan. Amma ranar da ta dawo daga unguwa ta tarar ya lulluɓe motar da zanen gadon da uwarta ta saya mata na aure, sai haƙurinta ya ƙare. Ta ɗaure kayanta, ta hau motar kasuwa, sai gidan ubanta Malam Labbo.

Maiwada ya ce wa 'yan majalisa, "Ku ƙyale ta. Ranar da ta ji kilakson ɗin motar nan a ƙofar gidansu, da gudu za ta fito."

Don haka maimakon ya bi matarsa, sai ya bi motarsa zuwa garejin Ɗanasabe. Kilim ɗin motar, wato na'urar sanyi, ya mutu tun makon farko, amma Maiwada ya ce wannan ba a ganinsa daga waje, a bar shi tukuna. Aka girka mata ƙarfen gaba mai kauri, aka jera fitilu a rufinta, aka baƙanta gilasai, aka sa mata kilakson mai muryoyi uku. Ɗanasabe ya yanke wayoyi ya sake haɗawa, ja da ja, baƙi da baƙi, wanda ya rage babu ɗan'uwa ya ƙulla shi da na kusa da shi. Tun daga ranar gilasan suka daina sauka. Maiwada ya ce dama gilashin manya ba ya sauka.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Malam Labbo: in Maiwada na son aurensa, ya zo biko ranar Juma'a da dattijo guda. In kuwa Juma'ar ta wuce bai zo ba, to ya aiko da takardar yarinya, kowa ya huta. A lokacin na sauka Magarya a gidan wani ɗalibina, kuma ni da Labbo mun zauna gaban malami ɗaya muna samari. Shi ya sa Maiwada ya zo wurina.

Na ce masa, "Maiwada, biko da sunkuyar da kai ake yinsa. Ɗauki goro, mu hau motar kasuwa, mu ƙarasa da ƙafa."

Ya yi dariya. "Malam Mas'udu, wannan bikon da ne. Zo ka ga abin da zai yi mana magana."

Ya ja ni cikin motar yana nuna mani madannai ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tafsirinsa. Daga ƙarshe ya sa yatsa kusa da wani mai hoton kujera, da wasu layuka uku masu lanƙwasa suna tashi daga mazauninta.

"Ka ga wannan? Iska ce. Sanyi ne na musamman, daga ƙasan kujera yake fitowa. Kujerun gaba biyu kaɗai aka yi wa. Ko perfe mai mulkin Magarya ba shi da irinsa."

Na ce, "Ka gwada?"

"Ni in gwada? Ai ba a ɓarnar irin wannan. Na ajiye wa babban baƙo."

A nan sai in tsaya in faɗi wani abu game da Labbo. Mutum ne na da, mai riƙon kunya. Tun da Maiwada ya auri 'yarsa, bayan gaisuwa babu wata magana da ta taɓa shiga tsakaninsu kai tsaye. Ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, ba su taɓa cin abinci a gaban juna ba. In akwai magana, sai a nemi na uku ya ɗauka daga bakin wannan ya kai kunnen wancan, ko da kuwa suna jin numfashin juna. Kuma babu wanda ya taɓa ganin Labbo yana sauri, ko da hadari ya taso.

Muka kama hanya da hantsi. Mun bar gudiro, wato titin kwalta, mun shiga rairayi, na jiƙe da gumi sharkaf a baya, Maiwada yana ce mani zafin waje ne nake tunawa. Muna isa bakin ƙauyen, daidai tsamiyar nan, ya danna kilakson. Muryoyin nan uku suka tashi tare. Kaji suka watse, wata mata ta yar da tulu, jakin Malam Labbo da aka riga aka ɗaura wa akumari don zuwa masallacin Juma'a ya tsinke igiya ya nufi Najeriya.

Wanda ya fara tarbar mu Zakariya'u ne, ƙanen Shatu, mai kabu-kabu da babur. Ya zagaya motar yana leƙe.

"Mijin yaya, sannu da zuwa. Biko ka zo ko yaƙi?"

"Matsa, kada ka shafa mata maiƙo. Ina yayarka? Ba ta ji kilakson ba?"

"Ta ji. Ta ce a tambaye ka ko ita ce amaryar da ka lulluɓe da zanen gadonta."

Gaskiya in faɗa, da muka isa ƙofar gida Maiwada ya yi abin da ya kamata. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida surukinsa. Sai dai makullin motar yana rataye a yatsarsa yana kaɗa shi yadda kowa zai gani. Labbo ya amsa gaisuwa yana kallon gefe, sa'an nan ya juyo gare ni.

"Malam Mas'udu, maganar da ta kawo ku sai an sauko daga Juma'a. Amma ka tambayi baƙon naka ina ya kai mani jaki."

Maiwada ya yi farat. "Malam, ka gaya wa Baba jaki ya huta yau. Ga mota."

Labbo bai so ba, amma rana ta yi, Dogo-Dogo kuma da ɗan nisa ga mai shekarunsa. Ya nufi kujerar baya. Maiwada ya ce in gaya wa Baba kujerar gaba tasa ce, tun daga Turai take jiransa. Na gaya masa. Ya shiga da farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a miƙe, ya kafa ido gaba. Na koma baya ni kaɗai. Zakariya'u ya biyo mu a kan babur.

Muna wuce tsamiya Maiwada ya waiwayo ya ƙyafta mani ido, ya ce, "Bismillahi," ya danna madannin nan. Wata 'yar jar fitila ta kama.

Da farko shiru. Can sai na ga Labbo ya ɗan gyara zama. Ya sake gyarawa. Ya cire hula ya mayar.

"Malam Mas'udu," in ji shi, "ka tambaye shi, ita wannan mota da wuta take tafiya?"

Ban buɗe baki ba Maiwada ya amsa. "Ka gaya wa Baba da man gazuwal take tafiya."

"Ka tambaye shi a ina ake hura shi."

"Ka gaya wa Baba a gaba, can cikin hancinta."

"A gaba ya ce?"

Na ce, "A gaba ya ce."

Labbo ya ce, "To."

Ni a baya ban san abin da ake ciki ba. Na dai ga gumi yana gangarowa ta ƙeyarsa yana shiga wuyan riga. Maiwada ma ya gani. Ya ce, "Malam, Baba na jin zafi, bari in ƙara masa sanyi." Ya sake dannawa, fitila ta biyu ta kama. Ya ce babban baƙo ba a yi masa rabi-rabi, ya danna ta uku.

Labbo ya zaro daddumarsa daga kafaɗa, ya ninka, ya tura ƙarƙashinsa a hankali kamar mai ɓoye abin sata. Ba a jima ba ya tuɓe takalmansa ya ƙara a kai. Sa'an nan ya ciro carbi ya fara istigfari, da farko a ɓoye, daga baya a bayyane. Ya gaya mani daga baya cewa a lokacin ya ɗauka wani zunubinsa ne aka fara nuna masa sakamakonsa tun a duniya. Kuma ko da ya san kujera ce, wane dattijo ne zai ambaci wannan sashe na jikinsa a gaban mijin 'yarsa?

Na ce, "Ni kam ina jin wani ƙauri, kamar ana babbake fata."

Maiwada ya ce, "Ƙamshin sabuwar mota ne, Malam." Amma muryarsa ta sirance. Na lura shi ma ya karkata, ya zauna da ɓari guda, can ya juya ɗaya ɓarin. Duk juyin da ya yi, motar ma sai ta juya. Muka shiga gonar wani muka fito, muka goge dangar wani. Zakariya'u ya matso da babur yana buga gilashi yana tambaya da hannu ko lafiya.

Ni ma na tambaya. "Jama'a, lafiya kuwa?"

Su biyun suka amsa tare, da ƙarfi, "Lafiya lau!"

"Maiwada, sanyin ya fara zuwa?"

"Yana hanya, Malam. Shi sanyin Turai da zafi yake farawa."

Labbo ya ce, "Ka tambaye shi yakan daɗe kafin ya gama farawa?"

Maiwada ya kafe ido kan hanya. Na ga yatsarsa ta lallaɓa wajen madannin tana neman kashewa ba tare da an gani ba. Ya danna, fitilun uku suka tsaya daram. Ya sake dannawa da ƙarfi, sai aikin Ɗanasabe ya nuna kansa: fitilun rufin mota suka kama da rana tsaka, kilakson ya ɗauki kuka ya ƙi yin shiru. Tsayawa kuma ba dama, don in ya tsaya a rairayin nan mota ta nutse, Juma'a ta wuce, biko ya lalace. Ga shi in ya tsaya dole ya faɗi dalili.

Labbo ya kama mariƙin da ke saman ƙofa da hannu biyu, ya ɗaga jikinsa sama, ya tsaya a iska bai zauna ba bai miƙe ba. Maiwada ya rungume sitiyari ya yi rabin tsayuwa, kansa na bugun rufi. Duk da haka sai da ya ce, "Malam, ka ga Baba ya miƙe yana kallon gari. Motar akwai tsawo."

Haka muka shiga Dogo-Dogo, fitilu na ci, kilakson na kuka, gilasai baƙi ƙirin. Mutanen da suka taru ƙofar masallaci suka ɗauka wani babba ne daga Damagaram ya zo ba sanarwa. Aka dare, aka yi sahu biyu, wasu dattawa suka gyara rawani suka matso gaba, wani maroƙi ya fara share murya. Motar ta wuce su ta je ta kafe a rairayi dab da rijiyar kasuwa, inda wani Bafillace ke shayar da shanu a komi.

Ƙofa ta ƙi buɗewa. Labbo yana lalube, Maiwada yana danne-danne, mai share gilashi ya kama aiki. Zakariya'u ne ya ja ƙofar daga waje. Dattawa suka sunkuya za su yi gaisuwa.

Sai ga Malam Labbo, wanda ba a taɓa gani yana sauri ba, ya yi fitar burgu, ba takalmi, hula a karkace, ya tattare riga da hannu biyu. Ya ratsa tsakanin dattawan, ya ratsa tsakanin shanu, ya juya baya ya zauna cikin komin ruwa, tsulum. Shanun suka ja da baya suna kallonsa. Bai gama sauke ajiyar zuciya ba sai ga Maiwada a guje, ya faɗa komin nan gefensa, kafaɗa da kafaɗa.

Kilakson yana ta kuka. Suruki da suruki, waɗanda ba su taɓa haɗa tabarma ba, ga su cikin komi ɗaya ruwa har ƙugu. Na taho da sandata in tsaya tsakani kamar yadda aka saba, amma ban kai ba Labbo ya juya ya dubi Maiwada ido cikin ido.

"Kai ma?"

"Ni ma, Baba. Tun daga tsamiya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunyarka, Baba."

"Ƙarya kake. Kunyar motarka dai."

Zakariya'u ya sa tafin hannu a kujerar gaba, ya janye da ihu yana yarfewa. "Wayyo! Jama'a ku zo ku ga tanda! Mijin yaya ya gasa mana uba!" Nan take aka yi layi, kowa na son taɓawa. Mai shayi ya tambaya ko ana ba da ita haya. Wata mai ƙosai ta ce ita da ta san haka da ba ta sayi itace ba. Bafillacen ya ce shi dai a tashi a ba shanunsa wuri, in an huce. Wani direban babbar mota ya tsinke wata waya, kilakson ya yi shiru, sai dariyar ta fito fili.

Aka ara musu wanduna, muka samu salla da ƙyar a sahun baya. Ban so in faɗa ba, amma da aka zo zaman tahiya na ji nishi biyu, ɗaya a damana ɗaya a haguna.

Motar a nan muka bar ta. Aka samo amalanke, Labbo da Maiwada suka hau suka durƙusa a kan gwiwa suna riƙe da juna saboda gargada, ni na zauna a baya ina lilo da ƙafa. Labarin kuwa ya riga mu isa a kan babur ɗin Zakariya'u.

Bikon a tsaye aka yi shi, don masu maganar biyu ba mai iya zama. Na shirya dogon jawabi tun daga Magarya, mai daɗi ƙwarai, amma yana cikin abin da ya zube mani, kuma ba a ma bukace shi ba. Labbo ya sa aka kira Shatu. Ta tsaya a bakin zaure ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Labbo ya ce, "Ga shi nan. Ya rushe maki madafa, ya sare maki lemo, ya kore mani jaki, ni kuma kin ji abin da ya yi mani. In kin ce kin gama, yau zai rubuta. In kin ce za ki koma, faɗi abin da kike so."

Maiwada ya ce, "Baba, a dai duba. Ko a Damagaram ba kujerar da ke yin zafin..."

"Yi mana shiru!" in ji Labbo.

Shatu ta sauke mayafi. Ta ce, "Baba, ni dama kukana ɗaya ne, an rushe mani wurin girki an sa mota. To yanzu na ji ashe ba mota ba ce, murhu ne mai ƙafa huɗu. Murhu kuwa ba na namiji ba ne. Ya ba ni makullin in koma."

Maiwada ya dube ni. Na dubi rufin zaure. Ya dubi Labbo, Labbo ya shafa bayansa ya yamutsa fuska. Zakariya'u ya ce, "Mijin yaya, miƙa mana, ko sai an sake kai ka komi?" Maiwada ya zare makullin daga yatsa kamar ana zare masa haƙori, ya miƙa. Shatu ta ƙulle shi a bakin zani, ta koma ciki haɗa kaya.

Yadda aka jawo motar zuwa Magarya, da ko an ga jakin, duk sun ɓace mani. Amma da ɗari ya shigo na sake bi ta garin, na ce bari in je in gani da idona, kada in riƙa ba mutane labarin da tsufa ya ƙara wa gishiri. Na tarar an gina sabuwar madafa, an dasa wani lemon. Motar tana nan a tsakar gida, an cire mata kilakson. Kowace safiya Shatu na kwance makulli daga bakin zani ta ba Maiwada ya tayar mata, ta ɗora robar ƙullun fanke a kujerar babban baƙo ta rufe da faifai, kafin ta gama shara ya kumbura. A ƙofar gida kuwa na iske Maiwada yana gaya wa masu saye cewa duk ƙasar Damagaram fanken matarsa kaɗai ke tashi a kujerar Turai. Na ɗaga robar na sa hannuna a wurin. Fitila ɗaya kawai Shatu ke kunnawa, amma sai da na janye.